Fassarar Kaka a Bakin Gona

Jiya malaminmu na fassara ya tambaya ko tafinta na iya sassauta magana. Sai na tuna marigayi kakana, wanda ya iya Fulatanci.

Wata damina shanu suka ɓarnata gero a Tozai, aka kira shi, na bi shi. Mai gona ya zazzaga zagi, makiyayi ya gyara riƙon sanda yana jiran fassara. Kaka ya tauna goronsa a hankali, ya ce, "Kuka yake, abincin 'ya'yansa ne." Makiyayin ya sauke sanda, ya ba da haƙuri.

A hanya na ce, "Kaka, ba haka ya faɗa ba."

Ya dafa kaina. "Haka shika nuhi, jikalle."

Allah Ya haskaka kabarinsa.