Akuyar Jikan Mai Gari

Wata Laraba cikin damanar 1994, da hantsi, anka jawo akuyata ƙohwar gidan Kaka da ganyen wake a bakinta, tana ta tamnar abinta kamar ba dominta jama'a sunka taru ba. Shekarata goma. Kaka, mahaihin babana, shi ne mai garin ƙauyenmu can gehen Tama, ni kuwa abokin wasanshi, kullum muna gardamar wane ne ainihin mijin tsohuwar matarshi. Tsohuwar ce ma tab ba ni akuyar, ja mai hwarin goshi.

Garinmu akwai doka, tun ta kakanninmu azna kahin a san salla. Da an yi shibka sai mai shela shi zagaye gari da ganga: kowa shi ɗaure bisanshi har a yanke hatsi. Wadda tac ci gonar wani, karon hwarko kashedi, na biyu damen hatsi, na ukku wuƙa. Ba a rubuce take ba, amma ko yaron goye ya ji ta a bayan uwatai. Kaka kan ce, "Kahin dokar ga, bakin akuya ɗaya ya sha cinye mazaje biyu."

Lakwal, wato makarantar boko, na hutu, aikina bai wuce in yanko ma akuyar haki, wato ciyawa, sahe da marece ba. To, ni da langa! Yara na dandali suna tsalle da ƙahwa guda, ni ina duƙe da lauje? Sai na samo dabara irin ta ragwaye: in sassauta igiya, ta tahi ta ciyar da kanta. Sau biyu tana shiga gona, Baba ya biya dame, ya tsula mani tsumagiya. Karo na ukku tah hwaɗa waken Yahanna, wani Kirista da yat taɓa aiki asibitin mishan, yad dawo garinmu yana noma yana wanke ma mutane gyambo.

Yahanna da kanshi yad durƙusa gaban Kaka yac ce, "Baba, waken nawa ne, na yahe. Yaro ne." Dattawa sunka duƙar da kai suna wasa da ƙasa. Kaka bai ko dubi inda nike ba. Yac ce, "Gonar taka ce, Yahanna, dokar ba taka ba ce. In na bar ta jikana yau, gobe da wane baki zan kama ta wani?"

Ni anka ba igiyar in riƙe. Ban yi kuka ba, ban yi roƙo ba. Abin da nike tunawa kawai, wani ƙuda da yaz zamna a gwiwata, na yi ta kallonshi har mahauci yag gama. Anka kasa naman kashi-kashi bisa ganye, kowane gida yas samu, ban da namu da anka miƙo ma hwata. Da marece na ɗauki lauje na hita, sai da na cika buhu da haki sannan na tuna babu mai ci. Kaka ya yi kusan wata bai tsokane ni ba.

Daga baya ƙahwata ta kai ni Agadas, Tamanrasat, Kwatano har Ikko. Na ga inda mai bindiga zai amshe maka jarkar ruwa tsakiyar sahara, ka waiwaya babu wanda za ka kai ma ƙara. Bara na koma gida, na tarar ba a shela, kowa na gadin gonarshi da sanda, maƙwabta biyu suna hannun jandarmomi a garin Buza kan tunkiya guda, ɗaya da rotsattsen kai. Har yau ban san ko na yahe ma Kaka ba. Na dai san a zamaninshi mutane na barin gona su tahi kasuwa.