Gishirin Ba Ya Tashi

Akwatin gilashin ya shigo gidanmu na Mile 2 Diobu a bayan motar kamfani, a daminar da ƙasa ta rikice. Maigidana direban wani Bature ne mai aikin man fetur a Fatakwal. Baturen ya kwashi iyalinsa ya tafi, ya ce wata uku zai yi, ya bar masa kifayensa na teku guda bakwai. Maigida ya karɓa da hannu biyu, ya ce amana ce.

Ɗakinmu ciki da falo ne, sai da na fitar da keken ɗinkina baranda kafin abin ya sami wuri. Wuni guda muka yi muna haɗawa. Na wanke farin yashi har yatsuna suka yi yaushi. Shi kuma ya jera duwatsu, ya cusa auduga da gawayi a matacin ruwa, ya jona ɗan injin da ke hura iska, ya ɗora doguwar fitila a sama. Abu ɗaya ne ya fashe a hanya, wata siririyar kwalba da ake jefawa a ruwa ta nuna yawan gishirinsa. Ya share gutsattsarin ya ce ba komai, ruwan teku dai ruwan teku ne. Wani masunci ke kawo mana shi a garwa biyu duk Asabar.

Da aka kunna fitilar na yi tasbihi. Akwai wani rawaya kamar an tsoma shi a kurkum, akwai mai ratsin baƙi da fari. Amma injin nan ba ya shiru, har cikin salla ina jin gurnaninsa. In an ɗauke wuta kuwa, ni ce zan tsaya da ludayi ina ɗiba ina zubawa don ruwan ya sami iska, goyo a bayana, tuwo na ƙonewa a murhu.

Unguwa kuma tana ta raguwa. Mahauta sun tafi, masu shanu sun tafi, yayata da mijinta sun bi jirgin ƙasa. Jirgin da ke zuwa daga Arewa yana sauke mutanen garin da raunuka, wasu ba su dawo ba sam. A bakin famfo matan da muke raha da su suka daina amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinsu ba. Sau uku ina yi wa maigida maganar tafiya.

"In na tafi wa zai riƙe wa mutumin kayansa?" ya ce. "Muddin suna da rai, ina nan."

Zafin fitila yana sa ruwan ya riƙa ja baya, shi kuma kullum sai ya cike gurbin da na garwa. A sati na biyar kifi ɗaya ya mutu, wani ya bi shi. Ran wata Litinin ina goge gilashin na ga farin ɓawo a bakinsa. Na lasa. Nan take na tuna farantin ruwan gishirin da malamar kimiyya ta taɓa ajiye mana a taga: ruwa ya tashi, gishiri ya zauna. Ashe duk cikon da yake yi, gishiri yake ƙara musu. Ruwan daɗi suke bukata, ga shi kuwa cike da duro a bayan ɗaki, sama na zuba kullum.

Ban faɗa ba. Na ce a raina saura biyar, in na kame bakina sati biyu ya ishe su, sai mu ɗaure kaya. Ba ni na zuba gishirin ba. Haka na riƙa gaya wa kaina, amma na koma yin salla a uwar ɗaki don kada in gan su. Ran Laraba na uku ya mutu. Maigida ya naɗe shi a takarda ya binne a gindin ayaba, ya dawo ya canza audugar mataci, ya zauna ya zuba tagumi, bai taɓa abincinsa ba.

Ran Juma'a yana masallaci, rawayan nan ya kwanta a gefe guda bisa yashi, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Na daɗe a tsaye. Sai na ɗauko moɗa na nufi duro. Kaɗan-kaɗan nake kwashe nasu ina zuba na sama, don kada canjin ya yi musu yawa. A haka ya shigo ya same ni.

"Ke, me kike yi? Kashe su za ki yi?"

"Malam, gishirin ne ya yi yawa. Ruwa ke tashi, shi ba ya tashi."

Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. "Wa ya gaya miki?"

"A makaranta aka nuna mana."

"'Yar boko," ya ce, har ya fara murmushi. Sai ya tsaya. "Tun yaushe kika sani?"

Da na ce yau, da ya yarda.

"Tun Litinin."

Ya dubi wajen ayabar ta taga, ya dube ni da goyona. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi moɗar ya ci gaba da zubawa da kansa. Kafin la'asar rawayan ya miƙe yana yawo tsakanin duwatsu.

"Har haka kike jin tsoro?" ya ce, bai juyo ba.

"Har haka."

Washegari da masuncin ya kawo ruwa, maigida ya tsayar da shi, suka daɗe suna magana da Turancin broka, yana roƙonsa ya riƙe kifayen. Mutumin ya ce babu lantarki a bukkarsa, amma ƙaninsa malamin makaranta ne, yana da shi. Ni aka sa na rubuta yadda ake kula da su, shafi biyu, har da sa'o'in fitila da wankin auduga, na ja layi a ƙarƙashin maganar ruwan sama. Maigida ya rubuta wa Baturen adireshin malamin a wata takarda ya kai ofishinsu. Mutum huɗu suka ɗauki akwatin da kifi huɗu a bokiti.

Ran Lahadi muka sami wuri a jirgi, a tsaye, kusa da ƙofa.