Riƙon da Na Yi wa Sha Ɗaya

Ni ne na karya masa ƙafa. Wannan kowa ya sani daga Talata Mafara har Bakura, kuma babu wanda ya taɓa riƙe ni da laifin. Wasu ma yabona suka yi. Amma akwai abin da na yi bayan karayar wanda ya fi ta muni, shi ne ba a sani ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro duk da karatuna bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba.

Ƙungiyarmu ta unguwa ce. Muna wasa a filin bayan wata makarantar firamare, sandunan ragarmu ƙarafan famfo ne da wani mai walda ya haɗa mana. Manoma ne da 'yan kabu-kabu da teloli biyu da ni mai gyaran babur. Ba mu taɓa cin ko da kofin ƙaramar hukuma ba, amma in ka ga yadda muke shiga fili muna buɗe ƙirji sai ka ce daga Turai aka sauke mu. Ni ne lamba biyar, ɗan baya, kuma abin alfaharina a duniya shi ne ƙwallo ta wuce ni ko mutum ya wuce ni, amma ba duka biyun ba. Wautar da nake taƙama da ita ke nan har na kai shekara talatin.

Kocinmu malamin firamare ne, mutum mai sanyin magana. Doka ɗaya ya kafa mana: da zarar an shiga fili, lambar mutum ce sunansa. Babu laƙabi, babu zagin uwa, babu gorin asali ko na sana'a, kuma duk wanda ya kira ɗan wasa da sunan wulaƙanci zai zauna a benci wasa na gaba ko da shi kaɗai ya iya ƙwallo a garin. Muka ce Malam ya kawo mana tarbiyyar 'yan aji ɗaya. Amma duk mun san don wa aka yi dokar.

Don lamba sha ɗaya aka yi ta. Saurayi ne siriri, ɗan wata mata mai sayar da abinci a tasha. Tun yana ƙarami shi ke taya ta, har ya fi ta iya tuyar masa. Muryarsa siririya ce, in yana magana hannunsa na karyewa, in ya yi dariya sai ya rufe baki. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan, na rantse. Ban taɓa ganinsa da wani abin kunya ba, kuma sahun gaba yake samu a masallaci lokacin da ni nake ta neman takalmina. Amma gari ya yanke hukunci, ɗan daudu ake ce masa, mu kuma muka karɓa ba tare da mun nemi shaida ba, mu da ba a yarda da shaidarmu ko a kan kuɗin kifi.

A fili kuwa babu kamarsa. In ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu, sai dai ka ga 'yan bayan abokan hamayya suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mu goman nan muna gudu muna haki muna zagin alƙalin wasa, shi kaɗai ke wasan. In ya ci, mu rungume juna mu bar shi tsaye, sai dai a ɗaga masa hannu daga nesa.

Wata kaka muka je wasa Faru, a ƙasar Maradun. Da wuri ake take wasa yanzu, don kowa na son ya kama hanyar gida rana na sama saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. 'Yan kallo sun samu labarinsa, tun daga usur ɗin farko suka fara.

"Amarya, ina gyalenki?"

"A hankali da ita, kas ku ɓata mata lalle."

Shi bai ko waiwaya ba, ya ci su biyu kafin hutun rabin lokaci. Ya kamata a ce mun kewaye shi mun ba shi ruwa. Ni kuwa da muka fito hutu, na ga jama'a na kallonmu, sai na ji dole in nuna musu cewa ni ba irinsa ba ne. Na riƙe ƙugu, na bi bayansa ina kwaikwayon tafiyarsa, na siranta murya na ce, "Yaya, a kawo masa nawa?" Fili ya ɗauki dariya, har 'yan ƙungiyarmu. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Biyar, har kai?" Ya sha ruwansa.

Malam ya zaunar da ni wasa na gaba kamar yadda doka ta ce. Sai ga jarumai sun tashi. Golanmu, wani ɗan kabu-kabu mai baki kamar reza, shi ya jagoranci ƙorafin: wai an zaunar da namiji saboda mai tuyar masa. Suka ce in ban buga ba su ma ba za su buga ba. Sha Ɗaya ya ga za a watsa wa Malam ƙungiya, sai ya ninke rigarsa a wanke a goge ya kai masa gida. Ya koma buga wa wata ƙungiya a Bakura, inda kawunnansa suke. Muka yi murna. Muka kuma yi wasa shida a jere ba mu ci ko ɗaya ba, kowa na cewa laifin alƙali ne.

Da rani ya shigo aka haɗa mu wasa da ƙungiyar tasa ta Bakura, a filinsu. Ranar Malam ya ja ni gefe ya ce, "Biyar, ƙwallo za ka bi, ba mutum ba." Na ce to.

Minti kaɗan da farawa Sha Ɗaya ya taho ta gefena. Na buɗe ƙafa zan tare, ya zura ƙwallon ta tsakanin ƙafafuna ya zagaye ni ya ɗauka. Ba don ya wulaƙanta ni ya yi ba, haka yake yi wa kowa. Ya sake yi kafin hutu. Daga bayana na ji muryar golanmu, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Biyar, yau ka shiga tanda. Juya ka yake yi, saura a sa maka yaji."

Karo na uku ban dubi ƙwallon ba sam. Na jira ya dasa ƙafar hagu, na tafi da ƙafa biyu, takalmi a sama. Na ji ƙarar a cikin haƙorana, kamar an taka busasshen kara. Bai yi ihu ba da farko, ya dai zauna yana kallon ƙwaurinsa da ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Alƙali ya ɗaga mini jan kati. Ina fita wani daga cikin magoya bayanmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka maza ke yi."

A wasanninmu na ƙauye da unguwa akwai wata al'ada da na taso na tarar. Wanda ya karya mutum a fili shi ke raka shi wurin mai ɗori, kuma shi ke riƙe shi lokacin da za a ja ƙashin. Tsofaffi sun ce don a kashe gaba ne, wanda ya ji zafin mutum a ƙirjinsa ba zai sake ɗaga masa ƙafa ba. Ba ni da hanyar gudu. Aka sa shi a bayan wata motar ɗaukar albasa, ni da Malam da kawunsa muka shiga, 'yan ƙungiyarmu suka biyo mu a kan babura kamar masu rakiyar biki.

Mai ɗorin tsoho ne, gidansa na bayan gari kusa da gonakin rani. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ya shafa ƙafar a hankali, ya yi bisimilla, ya ce karayar mai kyau ce, wuri ɗaya ce, in aka ja daidai yaron zai koma gudunsa kafin damina ta ƙare. Na ji wannan da kunnena. Sha Ɗaya ma ya ji, ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi. Kawun ya danne ƙafar dama, Malam ya riƙe fitilar waya don zauren da duhu. Tsohon ya dube ni.

"Kai ne kak karya shi? To zamna bayanai. Ka sa shi tsakanin ƙafafunka, bayanai bisa ƙirjinka, ka zagayo da hannuwanka ka ɗaure shi tamau. In na ja, ko motsi kas shi yi."

Na zauna. Na jingina shi a jikina. Rigarsa ta jiƙe da gumi, ina jin bugun zuciyarsa a hannuna. Sai na ɗaga kai na ga ƙofar zauren cike da kawunan abokaina. Golan na gaba, yana murmushi. Bai ɗaga murya ba, don yana tsoron Malam, amma na ji shi sarai.

"Ango ya samu shiga."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Abin da aka yi ke nan, ba a zage ni ba, ba a taɓa ni ba. Ni kuwa, ƙato mai taƙamar babu wanda ke wuce shi, sai na janye ƙirjina baya. Na saki zagayen hannuna, na dawo da tafukana kan kafaɗunsa, na riƙe shi da yatsu kamar mai ɗaukar kwanon da ya yi zafi. Har fuska na yamutsa don su gani. Tsohon kansa na ƙasa, bai lura ba. Sha Ɗaya ya lura. Ya ce a hankali, "Yaya, riƙe ni." Ban riƙe ba.

Tsohon ya ja. Zafin ya ɗaga shi sama gaba ɗaya, ya murɗe, ya zame daga hannuna, ƙafar ta juya a hannun tsohon. A nan ne ya yi ihun da bai yi a fili ba. Tsohon ya ɗago ya dube ni, ya dubi inda hannuwana suke.

"Wanga wane irin riƙo ne? Riƙo nic ce ka yi, ba taɓi ba. Mi kaka jin tsoro, cizonka zai yi?"

Karo na biyu na rungume shi da gaske, don yanzu tsoron tsohon ya fi tsoron gola. Amma ƙashin ya riga ya sake tsagewa. Tsohon ya daɗe yana lalube, ya jera karare, ya naɗe da tsumma, bai sake cewa komai game da gudu ko damina ba. Ya ce kawai Allah shi sa ta zamna. A hanyar komowa Malam ya tambaye ni abin da ya faru, na ce gumi ne ya sa ya suɓuce mini. Ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Kowa ya tafi a kan haka har yau.

Ƙafar ta warke a karkace, ta kuma fi ɗayar gajarta. Abokaina suka ce ƙaddara ce, kalmar da suke tunawa da ita duk ranar da suka yi ɓarna. Golan ya tafi Hajji bayan shekara biyu, yanzu shi ke yi wa matasa faɗa a kan tarbiyya. Ni ma ban fi shi ba. Wata bakwai ina zagaye tasha ta bayan shagunan masu faci don kada in bi ta gaban rumfar uwar Sha Ɗaya.

Ranar da na je, da hantsi ne, yana zaune a kan kujera 'yar tsugunne gaban tanda, ƙafar a miƙe gefe. Uwar ta gan ni ta amsa sallamata a taƙaice ta shige ciki. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya aiki, ya mutanen gida, na ja gaisuwar har ta ƙare ba ni da sauran abin tambaya. Sannan na ce na zo neman gafara.

"Ta wanne?" ya ce, yana zuba ƙullu.

Na ce ta karayar.

"Wannan ai ƙwallo ce, Yaya. An ba ka kati, an gama."

Ya juya masa uku kafin na iya cewa, da ta zauren. Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce ya yi zaton ba zan taɓa faɗa ba. Ya ce ya koma wurin tsohon watan jiya, tsohon ya ce akwai gyara, amma sai an sake karya ta an ɗora sabo, kuma ko an yi ba tabbas.

Na ce, "A yi. Ni zan riƙe ka. Ko duk garin nan za su tsaya a ƙofa."

Ya yi dariya, ya rufe baki da bayan hannu.

"Na yafe maka, Yaya, tsakani da Allah. Amma ba zan sake jingina da kai ba. Ƙafar ma na saba da ita."

Wani direba ya leƙo ya ce a ba shi masa da miya. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗingisa zuwa wurin tukunya, kafaɗarsa ɗaya na faɗuwa a kowane taku. Bai sake buga ƙwallo ba, shekararsa ashirin da uku a lokacin.