Ɗan Nomau Bai Yi Gudu Ba

Duk wanda ya san Kawu Nomau ya san bai taɓa hawa mashin ba. Daga ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum har kasuwar Gummi a ƙafa yake zuwa, takalmi a hammata don kada ya cinye. In ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce, "Baba, hau in rage maka hanya," sai ya amsa bai ko waiwaya ba: "Wuce, yaro, sauri nikai."

Amma gudu kam, a wurinsa abin kunya ne. Wata rana wani sa ya ɓalle a kasuwa, kowa ya watse. Kawu ya ƙara sauri kawai har ya dafe katanga. Aka ce, "Nomau, yau ka yi gudu!" Ya ce, "Wa ya gani? Tahiya ce ta yi zahi."

Ran nan muna sauraren rediyo aka ce a wasannin ƙasashen Afirka ana ba da lambar zinari a gasar tafiya da sauri. Kawu ya miƙe zaune.

"Zinari? Don tahiya? Kai! Mutanenmu na can cikin rami suna tonon shi, ni ko shekara hamsin ina yin wagga aba kyauta!"

Ɗansa Lawali ya gado ƙafar. Daga makaranta a Gusau masu horarwa suka ɗauke shi, har aka zaɓe shi ya wakilci ƙasa. Da ya zo gida ya gwada mana yadda ake yi, ƙugu na juyawa, Inna, ƙanwar Kawu, ta rufe fuska da gyale. Kawu ya ce, "Ka yi ta can baƙon wuri. Nan muna da surukai."

Abu ɗaya ya hana shi sukuni. Lawali ya ce in alƙalai suka ga ƙafa biyu sun bar ƙasa, jan kati ne. In ya kai uku, a fitar da mutum, an ce gudu ya yi.

"A gaban Afirka duka a ce ɗan Nomau ya yi gudu? In sunka kore ka, kak ka biyo ta Bukkuyum."

Ranar gasar Kawu yana kwance a asibitin Gummi, jiki ya yi nauyi ƙwarai. Ni na riƙe masa waya muna kallon gasar, hoton na tsayawa yana tafiya. Kati na farko, ya yi tsaki. Na biyu, ya kama hannuna ya matse, bai saki ba. Sai hoton ya ɗauke gaba ɗaya.

Can waya ta yi ƙara. Lawali ne, yana haki.

Na ce, "Kawu, na tara ya zo."

"Ba shi na tambaya ba. Sun kore shi?"

"Ba su kore shi ba. Ya kai ƙarshe."

Ya saki hannuna, ya sauke numfashi mai tsawo. "Alhamdu lillahi. Ce mai shi taho gida." Sannan ya nemi kunu, abin da ya kwana uku bai sha ba.

Lawali ya iso ya same shi da rai. Sun yi kwana biyu tare kafin Kawu ya cika. Allah, bawanka ya zo maka da zuciya kwance. Ka gafarta masa, ka sa ya huta.