Kwanon Gidan Kabo

Barira 'yar Gaya ce, aure ya kawo ta Gafasa ta ƙasar Ajingi tun ba a san babur mai ƙafa uku ba. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma idan ta kafe a kan abu gara mutum ya je ya yi wani aikin. Saƙar faifai ta koya a hannun kakarta Hansai. Ta jiƙa kaba, ta tsaga, ta rina ja da kore da garura, ta zauna da basilla a gindin darbejiyar tsakar gida. Ranar kasuwar Ajingi dillaliya ta zo ta kwashe. Matan unguwa sukan ce faifan Barira sai dai ya ishe ki, ba dai ya lalace ba.

Mijinta Kabo manomin gero da gyaɗa ne, mutum mai son mutane da son miya mai gishiri. 'Ya'yansu duk sun kama gabansu, saura su biyu a gida. Wata rana bayan girbi yana ɗaure damin gero sai jiri ya kwashe shi, bakinsa ya ɗan karkace. Aka ɗora shi a babur aka kai shi asibiti a Gaya. Likita ya ce hawan jini ne, kuma wannan gargaɗi ne kawai, na biyun ba lalle ya tashi ba. Ya ba da magani, ya ce a janye masa gishiri da dunƙulen miya da kanwa, jan nama ma a haƙura da shi. Kabo yana ta gyaɗa kai kamar ya ji. Barira ce ta ji, tsoro ya kama ta har cikin ƙashi, ta ce a ranta ba za ta yi takaba saboda gishiri ba.

Naman dai bai dame ta ba, da ma ba kullum suke ganinsa ba. Gishirin ne aiki. Miyar kukar da ta fara yi, ita kanta da ta ɗanɗana sai da ta yamutsa fuska. Ba ta karaya ba. Ta koma dafa kalwa tana yin daddawarta da kanta. Ta gano cewa idan ta soya albasa har ta yi ja, ta daka citta da masoro da tafarnuwa, ta zuba daddawa da hannu sake, harshe yakan ɗan manta abin da ya rasa. Taushe ta cika shi da kabewa da gyaɗa, ta sa yakuwa don tsami. Ta yi dambu da zogale, ta yi fate, ta soya awara ta yanka a miya a madadin nama.

A unguwarsu kuwa magidanta ba sa cin tuwo a cikin gida. Ciyayya ake yi. Bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gidan Malam Suhaibu, mai makarantar allo, wanda shi ne babbansu. A shimfiɗa tabarma, a buɗe kwano ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Kabo da kansa yake ɗaukar nasa ya fita, ya dawo da shi a suɗe tas. Barira ta duba, ta yi hamdala, har ta fara jin kanta.

Sai dai duk lokacin da aka koma Gaya awo, jinin yana nan inda yake. Ciwon kai bai bar shi ba. Ta rasa ta ina ɓarnar take shigowa, har ta fara zargin goro.

Hanne, matar Malam Suhaibu, ita ta kwance mata ƙullin ba da niyya ba, ranar da ta shigo aron rariya.

"Yaya Barira, wallahi Malam yana yaba miki. Ya ce da farko da ƙyar suke haɗiye miyarki, amma yanzu har sun saba."

"Su wa suke haɗiyewa?"

"Su mana. Ai ba a mayar wa mace kwanonta a cike, abin kunya ne. Sai su daure su cinye. Shi Baba Kabo loma ɗaya yake yi, ya jira a buɗe nawa."

Barira ta ajiye basilla. Ashe wata da watanni masu lafiya ne suke cinye abincin mara lafiya, shi kuma yana shan miyar gidaje huɗu da gishirinta da dunƙulenta. Haushi ya cika ta, dariya kuma tana neman kuɓuce mata, ta rasa wanda za ta fara.

Da Kabo ya dawo daga gona ta tare shi tun bai ajiye fartanya ba.

"Malam, daga yau a gida za ka ci."

"A gida? Ni kaɗai a ɗaki kamar marowaci? Tun ina saurayi nake zama a tabarmar nan."

"To ka ci naka kwanon kawai."

"In tsame hannu daga tuwon Malam Suhaibu? Ya ce na raina abincin gidansa? Barira, kwana idan ya ƙare ya ƙare."

Ta ce, "Allah ne ya san wannan. Ni dai ba da hannuna ba."

Ta san gaskiyarsa. Raba Kabo da tabarmar nan wani ciwon ne daban. Don haka ta bar shi, ta juya kan tukwanen. Amma shiga gidan mace a ce ta sake yadda take girki ba ƙaramar magana ba ce, zumunci yakan mutu a kan abin da bai kai haka ba. Sai ta zauna ta saƙa faya-fayai huɗu na rufe kwano, mafi kyau da ta taɓa yi, har yatsunta suka yi kanta. Kowane ta haɗa shi da ƙullin daddawa, ta yafa mayafi ta bi gida gida. Roƙonta ɗaya ne: a ɗebi miyar waje kafin a zuba gishiri da dunƙule, wanda yake so ya barbaɗa a gefensa.

Hanne ta amsa nan take. Biyu suka amsa bayan ta zauna ta daka musu kayan ƙamshi sun ɗanɗana. Ummu Salma, amaryar gidan tela, ita ce ta turje.

"Inna, a fita da miyata lami a ce ban iya girki ba? Ko shekara ban yi ba fa."

"Wanda ya ce haka ki turo min shi. Ɗora tukunya in nuna miki."

Ta yi ta sintiri a gidan har yarinyar ta gaji ta sallama.

Maganar da ta shiga gida huɗu ba ta ɓoyuwa. Kabo ya fita wata magariba, aka buɗe kwano na farko lami, na biyu lami, ga ɗan gishiri a murfin kwalba ana miƙawa ana tsallake shi. Ya tashi bai gama ba, ya shigo gida a fusace.

"Kin bi gari kin tallata ni. Yanzu saboda ni magidanta za su ci abincin asibiti? Da wane ido zan dube su?"

"Da idon da yake a buɗe, Malam," in ji ta.

Daga ranar ya daina fita. Daga masallaci sai ɗaki. Ta kai masa tuwo ya taɓa kaɗan ya ture. Abin da ta nema tun farko ke nan, ya ci a gida, ga shi ta samu, kuma bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Cikin 'yan kwanaki mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin rijiya ya koma shiru, ya rame. Ta yi kukanta a madafa, amma ba ta je ta janye roƙonta ba, kuma ba ta fasa zuba tuwo a kwanon fita tana ajiyewa a bakin ƙofarsa ba.

Ran Juma'a bayan magariba aka yi sallama a zaure. Ta ji ana karkaɗe tabarma, ta ji ƙarar kwanuka a ƙasa. Sai muryar Malam Suhaibu.

"Kabo, fito. Tunda ka ƙi zuwa mu mun zo."

Kabo bai fito ba. Malam Suhaibu ya ci gaba.

"Mu shida muka fara zaman nan. Uthman ya faɗi a gona bara, irin faɗuwarka, muka kai shi makwancinsa muka dawo mu biyar. Ba za mu koma huɗu saboda gishiri ba. Fito, tuwo yana hucewa."

Barira tana tsaye a tsakar gida. Ta ga labule ya motsa, Kabo ya fito yana gyara hula, bai yarda sun haɗa ido ba. Ta ɗauki kwanon ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya yi taku biyu, ya tsaya bai juyo ba.

"Mene ne yau?"

"Taushe."

"Da awara?"

"Da awara."

Ya shiga zaure. Ta ji ana cewa a matsa masa, ta ji Malam Suhaibu ya ce a fara da na gidan Kabo. Ta zauna a kan turmi tana share ido da bakin zani, tana jin mijinta yana yin bisimilla.