Titka Orisiya da Butar Gahawa

Duk garinmu a Saskachewan ta ƙasar Kanada babu mai muryar Titka Orisiya, yayar babana. Ita ke jan baki a waƙar coci tun ba a haife ni ba. Sauran ranaku kuwa tana kicin ɗin gidan abincin bakin titi tana murza ƙullu, kofin gahawa a gefenta daga buɗe shago har a tashi. Ni tun da na bar makaranta ina facin taya a tsallaken titin, don haka ba labari aka ba ni ba.

Abu ɗaya ya sa ta gaba: ciwon ɓarin kai, shi ma sai ranar Lahadi. Ana tsakiyar waƙa sai ta fara ganin walƙiya a gefen ido, ɓarin kan ya kama daka, ta sulale ɗakin ƙasa ta kashe fitila, jiƙaƙƙen tawul a goshi, wani sa'in har da amai. Na taɓa ce mata ƙila kan nata ne ba ya son wa'azi. Ludayi ta jefo min.

Da abin ya yi yawa, Pan Zenon, babban dattijon coci, ya aiko cewa in ta sake barin mawaƙa a tsaye ranar bikin cocin, lokacin da baƙi ke cika gari, wata za a ba jan bakin.

Sai a nan ta yarda ta ga likita. Likitar ta tambaye ta me take yi ran Lahadi da ba ta yi kullum. Ta ce babu, illa dai kamar kowa a cocinmu, ko ruwa ba ya shiga bakinta sai an karɓi jibin Ubangiji. Likita ta ce ai ga shi nan: kai ya saba da gahawa duk mako, rana ɗaya a hana shi, ga kuma yunwa. Ta ba ta ƙwayar da za ta haɗiye da zarar walƙiyar ta soma, ta ce ta riƙa karyawa kafin ta fita.

Titka ta ce uwarta har ta rasu ba ta taɓa karya wannan azumi ba. Fada Ilariyon, limamin cocinmu, da kansa ya zo kicin ya ce mara lafiya na da uzuri, ya yafe mata ruwa da ƙwaya, har da kofin gahawa guda.

"Fada, ruwa da ƙwaya na karɓa, na gode," in ji ta. "Amma in tsaya gaban Ubangiji ina warin gahawa? Gara mu rabu da ita gaba ɗaya."

A hankali ta janye daga gahawar, yadda likita ta ce, rabi-rabi. Makonnin nan ko karen gidan abincin ya daina leƙa kicin, balle ni. Ran Asabar takan ci tuƙuru, ta kwanta da wuri. Ciwon bai ɓace ba, amma ya daina sanin Lahadi.

Ranar biki ta ja baki daga farko har aka zagaya coci aka dawo, muryar ko gezau. Wadda aka tanada don maye gurbinta ta gaji da jira ta shiga amshi.

Wajen cin abinci Pan Zenon ya taso da kansa, ya ajiye mata kofin gahawa mai tururi, wai barka. Ta dubi kofin, ta dube shi, ta turo min.

"Sha, Yurko. Ƙila ka farka ka koma makaranta."