Da'ira Biyu a Bango

Shekara talatin da ɗaya Baban Famfo ya yi yana aiki a gidan ruwa, ko sau ɗaya ba a taɓa ba shi kujera ba. Aikinsa a titi yake. Yana da wata sandar ƙarfe mai kan katako. Zai kafa tsininta a ƙasa, ya manna kunne a katakon, ya rufe ido. Daga ƙarar da ya ji zai gaya maka inda bututu ya fashe, ko da ƙasar a bushe take ƙamas. Matarsa takan ce da zai saurare ta rabin yadda yake sauraron ƙasa, da tuni ta yi ƙiba.

A ɗaya hannun kuma gwangwanin jan fenti ne. Inda bututu ke yoyo, sai ya zana da'ira ɗaya a bango mafi kusa, don masu gyara su san inda za su haƙa. Inda fashewar ta haɗu da kwata, da'ira biyu, domin in an ɗauke ruwa bututun kan zuƙi ƙazanta, in an dawo da shi ita mutane ke tarewa a bokiti. Masu gyaran ne dai ba sa zuwa. Ya yi ta kai ƙara har manaja ya koyi fita ta ƙofar baya. Abin da ke hana shi cin abinci shi ne, akwai da'ira biyu a bangon gidan 'yarsa, inda jikarsa 'yar shekara huɗu take.

Sai amai da gudawa suka ɓarke. Cikin mako biyu aka binne yara goma sha ɗaya.

Gwamnatin ƙasar kuwa ba ta kuskure, haka rediyo ke faɗa safe da yamma, kuma rediyon ɗaya ne. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Aka sanar cewa maƙiya daga ƙetare ne suka zuba guba a ruwa, da taimakon 'yan hannu na cikin gida. Ga ma hujja: duk layin da aka yi mutuwa akwai jar alama biyu a bango! To ina za a same ta in ba can ba, jama'a? Mutum ya shekara yana nuna rami, an faɗa ciki, sai a ce shi ya haƙa? Amma uwar da ta binne ɗanta ba ta da ƙarfin yin faɗa da bututu. An miƙa mata fuskar mutum, ta karɓa. Aka bar jaki ana dukan taiki.

Aka kama Baban Famfo. Kwana ashirin ya yi a tsare yana cewa a je a haƙa a gani. Ran nan wani jami'i mai taushin murya ya ja kujera ya ba shi, ya tura masa takarda.

"Baba, kar ka wahalar da kanka. Karanta wannan a talabijin, ka ce ruɗar ka aka yi, ka goge alamominka, ka koma gida."

"Ɗana, ƙarya ce fa."

"To. An ce 'yarka ce ke ajiye maka fentin. Ita ma muna da ɗakin da za ta zauna."

Ya karanta. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

Washegari rediyo ya ce an murƙushe makirci, ruwa ya koma garau. Daga nan duk wanda aka gani yana tafasa ruwan sha, ana cewa gwamnati yake ƙaryatawa. Maƙwabci ya riƙa leƙa tukunyar maƙwabci. Masu cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, su zo su ga wannan, rassanta har ƙasa.

Aka ba shi bokitin farin fenti da 'yan sanda biyu, ya bi gari bango bango yana shafe aikin hannunsa, mata na tofar da yawu in ya wuce. Baƙin cikin da ke cinsa ya wuce na zagi: kowace da'ira ya shafe, ya san yanzu ba mai sanin inda za a haƙa.

Bangon 'yarsa ne na ƙarshe. Tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta gaishe shi ba. Ya tsoma buroshi, ya yi ƙasa da murya.

"Ki riƙa tafasa mata ruwa. Ko a ɓoye ne."

"Baba, da kunnena na ji ka a talabijin."

"Saboda ke na faɗa."

"Saboda ni? Yara sha ɗaya, Baba!"

Ba ya buƙatar sanda a nan, ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ta gefen zanen uwarta ya hango jikarsa a tsakar gida, ta tari ruwa a famfo da ɗan kofinta na roba, tana kai wa baki. Bai san lokacin da ya yar da buroshin ba. Ya ture 'yarsa, ya kaɗe kofin, ruwan ya watse a siminti. Yarinyar ta tsala ihu.

Kafin 'yan sandan su riƙe shi, uwar ta riga ta suri 'yarta.

"Kar ka ƙara matsowa kusa da ruwanta," ta ce.

Suna jan sa waje yana waiwaye. Ya ga ta ɗauki kofin, ta ɗauraye shi sau uku saboda hannunsa ya taɓa, sannan ta sake cika shi a famfon ta ba yarinyar don ta yi shiru.